Tozon Da Ya Karkace

Shekara bakwai ina wanke wa Sallau burushi.
Kananzir ya ci yatsuna,
farcena ya manta launin da aka haife shi da shi.
A rumfarsa, bakin hanyar Birnin Kudu,
sa guda ɗaya tak na koya:
ƙaho biyu daidai wa daida,
tozo tsaye kamar tulu a kan gammo,
ido zagaye, ba ya kallon kowa.

Shi muka zana wa mahauta,
shi ne a bayan amalanke,
shi ne a langa-langan mai fura.
In na gama, Sallau ya ja baya taku uku
ya ce, "Madalla, kamar ni na yi."
Sai in tafi gida da yabon
kamar wanda ya ari riga:
ta yi kyau a idon mutane,
ni kaɗai na san inda take matse ni.

Shekarar da fenti ya ƙare, kuɗi suka bi shi,
na tarar da Iya Tasalla na shafe ɗakinta.
Ta ce, "Kai da ba ka san komai ba sai gwangwani,
tsuguna ka ga abin da ƙasa ta iya."
Ta jiƙa ƙaro a sakaina,
ta kankaro kunkunniya daga gindin tukunya,
jar ƙasar bakin rafi, tankaɗe biyu,
da ɗan shunin da ya rage a wankin jiya.
Na yanko gashin jelar akuya
na ɗaure a tsinken kaba.

Na farko ya tsattsage, ƙaro ya yi yawa.
Na biyu ya bi hannu kamar gari.
Na uku ruwan dare ya tafi da shi,
ko sallama ba mu yi ba.

Sai na ajiye zane, na koma kallo.
Akwai bijimin Barau
da ke dawowa daga huɗa da la'asar sakaliya,
karkiya ta kwantar masa da tozo gefen hagu.
Kowa Fari yake ce masa.
Kwana tara ina zaune a kan turmi
kafin in yarda ba fari ba ne:
akwai toka a ƙarƙashin wuyansa,
shuɗi-shuɗi inda inuwa ke kwanciya a haƙarƙari,
a gwiwa kuma launin gonar da ya wuni a ciki.

Na hau dutse wajen shanun mutanen da,
waɗanda ba mu san hannun da ya shafa su ba.
Layi uku, huɗu, ga sa tsaye da ƙafarsa.
Na sauko ina jin kunyar yawan shafe-shafena.

Tun daga nan nake ɗaga hannu da wuri.
Nakan bar wa katako wurinsa.
Layin da ya yi rawa kuma na daina goge shi,
sau da yawa ta nan dabbar ke numfashi.

Mahaucin farko ya yamutsa fuska.
"Wannan san ai ya gaji, wa zai sayi namansa?"
Na rage masa rabin kuɗi,
ya rataye a rumfa ba don ya so ba.

Ran kasuwar Sara, ina tsugune da kofin kunu,
na ji mai daddawa tana gaya wa 'yarta,
"Wancan allon hannun Nomau ne.
Ba ki ga tozon ba?"
Ni kuwa ban sa suna a jiki ba.
Kunun ya huce a hannuna.

Bayan sati Sallau ya zo da kansa.
Ya ja baya taku uku, yadda ya saba.
Ya daɗe.
Bai ce madalla ba.
Ya ɗauki burushin jelar akuya
ya murza a tafinsa,
sannan, ba tare da ya dube ni ba,
ya ce, "Shuɗin nan na haƙarƙari,
da me ka haɗa?"